Jini Ya Rage Zuwa Ƙwaƙwalwar Baba: Ginko, Kurkum Ko Habbatus-sauda Za Su Tsare Masa Tunani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 69, muna zaune a unguwar Zariya nan Maradi. Ya fi shekara goma da tansiyo, wato hawan jini, amma ba ya shan magani sai in kansa ya sara. Tun bara muka ga ya canza. Mutumin da ke riƙe lissafin buhunan wake da na aya a ka, yanzu canjin jika biyar sai ya tsaya yana ta juyawa, tafiyarsa ma ta koma jan ƙafa. An yi masa hoton kai, likita ya ce ƙananan jijiyoyin jini sun tsuke, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, ya rubuta masa amlodipin da asfirin. Sai ga wani bidiyo a WhatsApp ana cewa masana sun gano sinadarai a cikin ginko da kurkum da habbatus-sauda masu tsare ƙwaƙwalwa a irin wannan hali. Akwai mai kawo haɗin a kwalba, jika ashirin da biyar. Gaskiya ne? Mu saya masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ni aikina harhaɗa magunguna, na daɗe a bayan kantar farmasi a garin nan, kuma tun ina ɗalibi babu darasin da ya kai mini na sinadaran tsirrai daɗi. Na faɗi haka ne don kada ki ɗauke ni cikin masu yatsina fuska da zarar an ambaci sassaƙe ko saiwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba yara yau daga ganyen wani irin tazargade na ƙasar Sin aka samo shi, har matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Itace magani ne, ba gardama. Inda gardamar take shi ne wane itace, nawa za a sha, ga wane ciwo, kuma a jikin wa aka gwada.

Kada ku sayi kwalbar nan. Mai bidiyon ba ƙarya ya shirga daga farko har ƙarshe ba, gaskiyar ɓera ya ɗauko ya yafa wa mutum. Bari in bi da ke daki-daki, don in kin gane yadda abin yake, gobe ko an zo miki da sabon suna ba sai kin tambayi kowa ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke ci. Kowane minti jini kimanin mililita 750 ke ratsa ta, wato lita ɗaya ba kwata. Kuma ba ta da rumbu. Tsoka na ajiye abincinta, hanta ma haka, ita kuwa abin da jini ya kawo yanzu shi take ci yanzu. Manyan jijiyoyi huɗu ke yi mata dako, biyu ta gaban wuya, waɗanda kike jin bugunsu in kin ɗora yatsa, biyu ta cikin ƙashin wuya. Daga nan su yi ta rassa har su koma sirara kamar gashi, masu nutsawa can tsakiyar ƙwaƙwalwa.

In kin taɓa zuwa Jiratawa lokacin noman rani, kin ga misalin da idonki. Ruwa na fitowa daga famfo ya bi babban kanal, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai, kuma mai fili na can ƙarshe shi ke fara kuka idan magudana ta cushe. Shukarsa ba ta mutuwa rana ɗaya. Yaushi take fara yi, ta tsumbure, ta ƙi ƴaƴa. Tansiyon da aka bari shekara goma yana yadda ya ga dama, abin da yake yi wa ƙananan jijiyoyin nan ke nan: bangonsu ya yi kauri ya ƙandare, hanyar ta tsuke. Filin da ke ƙarshen magudana a cikin kai kuwa shi ne farin sashen ƙwaƙwalwa, inda wayoyin da ke haɗa wannan ɓangare da wancan suke bi. Shi ya sa alamun da kika lissafa suka zo daidai. Ba sunan ƴaƴansa ya fara ɓace masa ba, lissafi ne ya yi nauyi, tunani na zuwa amma a makare, ƙafa na jan ƙasa. Wasu fitsari kan riƙa matsa musu ba shiri, wasu su zama masu saurin hawaye ko fushi kan abin da bai kai ya kawo ba. Ciwon Alzaima, wani nau'in ruɗewar tsufa, shi ya fi fara cin ajiyar sabon abu, ko da yake a wajen tsofaffi biyun kan haɗu a kai ɗaya. Inda ya riga ya bushe, babu maganin da ke tsiro da shi, na asibiti ko na gargajiya. Kokawar da ake yi a kan sauran filin ce, kuma a wajen Baba sauran filin da yawa.

To daga ina zancen sinadaran ya fito? Daga ɗakin gwaji. Masu bincike kan sa wa ɓeraye maganin barci, su ɗaure manyan jijiyoyin wuya biyu na gaba da zare. Ɓeran ba ya mutuwa, don na baya na ci gaba da kai jini, amma ƙwaƙwalwarsa na zama cikin ƙishi makonni. Sai a ba waɗansu sinadarin, a hana waɗansu. Daga baya a saka su cikin babban baho mai ruwan da ba a ganin ƙasansa, da ɗan dandamali ɓoye a ciki, a ga wanda zai tuna inda yake. Wani masani mai suna Richard Morris ya ƙirƙiro wannan gwajin baho a Sikotilan a farkon shekarun 1980. A ƙarshe a duba wani sashe na ƙwaƙwalwa lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, hifokamfas, mai karɓar sabon abu ya adana, a ƙirga ƙwayoyin da suka tsira.

A irin wannan gwaji sinadarai da dama sun yi rawar gani: kurkumin da ke cikin kurkum, wato gangamau, timokwinon na habbatus-sauda, resberatirol na fatar inabi wanda ake samu kaɗan har a gyaɗarmu, ruwan ganyen ginko, na zogale. Aikinsu kusan ɗaya ne, su rage wata irin tsatsa da ke cin ƙwayoyin halitta idan iska ta yi ƙaranci, su kwantar da kumburi, wani lokaci su ɗan saki jijiya. Wannan duk an gani an rubuta.

Sai dai ɓeran nan matashi ne, ba tansiyo, ba sukari, bai taɓa cin gishiri da dunƙule ba. Rana ɗaya aka ɗaure masa jijiya, kuma sau da yawa tun kafin ɗaurin ko nan take bayansa ake fara ba shi maganin, wani lokaci ma da allura. Baba shekara goma jijiyoyinsa ke tsukewa kafin kowa ya farga. Ga kuma batun yawa. A ce an ba ɓera miligiram 100 na kurkumin ga kowane kilo na jikinsa. In an juya shi zuwa ma'aunin mutum mai kilo 65, zai kama kusan giram 1 na tsantsar sinadarin kullum, alhali garin kurkum na kasuwa kashi 3 cikin 100 ne kawai kurkumin, ko kusa da haka. Ke nan sai ya afa garin da ya haura giram 30 kowace rana. Ko ya afa, hanji ba ya tsotsar kurkumin sosai, ɗan abin da ya shiga hanta ta yi sauri ta kawar, abin da ya rage kuma ya tarar da shingen da Allah ya gitta tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ba kowane sinadari ke ƙetarewa ba. A 2006 wasu masana suka zauna suka ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada kan shanyewar ɓarin jiki, mafi yawansu a jikin dabbobi. Ɗari da ƴan kai ne suka kai ga marasa lafiya, kuma an sha ganin wanda ya burge a ɓera ya sha ƙasa a mutum.

Ginko shi ya cancanci a daɗe a kansa, don shi aka fi gwadawa a jikin mutane. Itaciya ce ta ƙasar Sin mai ganye kamar mafici, ba ta fitowa a nan. Abin da aka yi bincike a kai ba garin ganye ba ne, tataccen haɗi ne da ake kira EGb 761, wanda kamfanin Schwabe na Jamus ya fitar, a Faransa da farmasinmu kuma aka san shi da suna Tanakan. Ganye kusan kilo 50 ake tacewa a samu kilo ɗaya, a daidaita shi ya ƙunshi kashi 24 cikin 100 na sinadaran filabon da kashi 6 na waɗanda ake kira ginkgolid da bilobalid, a kuma tsame wani asid mai cutarwa da ke cikin ganyen.

An yi masa manyan gwaje-gwaje biyu don a ga ko yana hana ruɗewar tsufa. Na Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2008, ya ƙunshi dattawa 3,069, akasarinsu masu shekara 75 zuwa sama. Rabi suka sha miligiram 120 sau biyu a rana, rabi suka sha ƙwayar da ba komai cikinta, aka bi su kimanin shekara shida. Ba a ga bambanci ba. Na Faransa, da aka buga a 2012, ya bi mutum sama da 2,800 masu shekara 70 zuwa sama da suka kai kukan mantuwa wajen likita, har shekara biyar. Shi ma haka. A wannan shekarar ce ma inshorar lafiya ta Faransa ta daina biya wa mutane kuɗin Tanakan, don an ga amfaninsa bai kai a ɗora wa asusun jama'a ba.

Amma in yi masa adalci. Ga waɗanda ciwon ya riga ya kama, ciki har da masu irin na jijiyoyin jini, an yi gwaje-gwaje a Yukiren da maƙwabtanta, kowanne da mutum wajen 400, ana ba da miligiram 240 a rana na kimanin wata shida, aka ga ɗan ci gaba wajen tunani da natsuwar hali. Kamfanin da ke yin maganin ne ya ɗauki nauyin binciken, wannan kuwa abin lura ne, amma hukumar magunguna ta Turai ta yarda a yi amfani da shi ga masu ruɗewa mara tsanani. A ra'ayina ginko na iya ɗan taimakawa, irin taimakon da sai an auna da takarda ake gani, ba wanda zai mayar da Baba kan lissafin buhu ɗari a ka ba. Ga kuma abin da ya shafe ku kai tsaye: ginko na iya rage daskarewar jini, Baba kuma yana kan asfirin, jijiyoyinsa sun yi rauni, tansiyonsa bai zauna ba tukuna. Haɗa ginko da ukun nan ba tare da sanin likita ba kasada ce, don ƙananan jijiyoyin da ke toshewa su ne dai ke fashewa. Mai farfaɗiya ma ba a ba shi, haka wanda za a yi wa tiyata.

Akwai wasu da ba a ambata a bidiyonki ba amma za ki ci karo da su. Butilfitalid, wanda asalinsa daga irin seleri aka gano shi, Sin ta amince da shi a 2002 don shanyewar ɓarin jiki, kuma wani gwaji na mutum 281 da aka buga a 2016 ya nuna ɗan amfani cikin wata shida ga masu raunin tunani irin na Baba. Amma magani ne na masana'anta, ana sa ido kan hanta in ana shansa, kuma cin seleri a salak ba zai ba da shi ba. Galantamin daga albasar wata fulawa ta ƙasashen sanyi aka fara samun sa, yau maganin Alzaima ne da sai likita ya rubuta, yana kawo tashin zuciya da rage bugun zuciya. Hufazin A na Sin aikinsa irin na galantamin ne, shaidarsa ba ta yi ƙarfi ba. Binfosetin kuma, wanda aka fitar a Hangari da suna Cavinton, an daɗe ana sayar da shi da sunan buɗe jijiyoyin kai ba tare da gamsasshiyar hujja ba, kuma a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi mata masu ciki a kansa. Ki lura da abu ɗaya: duk wanda ya yi ƙarfin da zai yi aiki, ya yi ƙarfin da zai yi illa, shi ya sa ya koma hannun likita da ma'auni.

Kurkum a miya ko a shayi ba laifi. Ƙwayoyinsa masu ƙarfi, musamman waɗanda aka haɗa da sinadarin masoro don hanji ya fi tsotsa, su ne abin tsoro, don a Italiya a 2019 an samu jerin mutanen da hantarsu ta kumbura a dalilinsu, hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa ma ta yi gargaɗi a 2022. Gwajin da aka yi wa masu Alzaima da shi ƙanana ne, kuma ba su nuna amfani ba.

Habbatus-sauda kuwa, hadisinta na cikin Buhari da Muslim, sharhinsa kuma na malamai ne, ba nawa ba. Abin da ke fagena shi ne abin da aka auna: wani ɗan gwaji a Bangaladash na dattawa 40 masu lafiya, mako tara, ya nuna ɗan ƙarin kaifin tunani. Mutum 40 masu lafiya ba sa zama hujja ga mai ciwon jijiya. In Baba na son ta, ya ci ɗan kaɗan yadda aka saba. Ban dai taɓa jin malamin da ya ce mai shan habba ya jefar da maganin tansiyonsa ba.

Wannan jefarwar ita ce ainihin abin da nake jin tsoro, fiye da kuɗin. Akwai wani dattijo da ya shekara biyu yana karɓar maganinsa a wajena duk wata, ba fashi. Sai na daina ganinsa. Ashe an kawo masa wani haɗi an ce yana wanke jijiya, ya ga ba dalilin haɗa biyu. Bayan ƴan watanni ɗansa ya shigo da takardar asibiti, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Ban san abin da ke cikin kwalbar ba, kuma nan ne matsalar take: kwalbar da ba a rubuta sunan tsiro da yawan miligiram da ranar lalacewa da lambar rajista ba, babu mai iya gaya miki abin da ke ciki. Sanannen abu ne a ƙasashe da yawa ana kama haɗin da aka ce na itace ne zalla, a tarar an zuba deksametazon ko dikulofenak a ciki don mai sha ya ji ƙarfi nan da nan. Duka biyun suna tayar da tansiyo, na farkon ya ƙara da sukari, na biyun ya taɓa ƙoda, ga shi in ya haɗu da asfirin yana iya sa ciki zubar da jini.

Abin da aka tabbatar yana tsare sauran filin nan ba ya da daɗin talla. A Amurka an bi mutum 9,361 masu hawan jini, aka matsa wa rabi da magani har lambar sama ta awon tansiyo ta sauka wajen 12, wato 120, aka bar rabi wajen 14, wato 140. Sakamakon 2019 ya nuna waɗanda aka matsa wa sun samu ragin kashi 19 cikin 100 na kamuwa da raunin tunani. Wanda ya fi burge ni shi ne na karkarar Sin da aka buga a 2025: mutum kusan 34,000 a ƙauyuka 326, ba manyan likitoci ba, ma'aikatan lafiya na ƙauye ne ke auna su suna daidaita magani mai araha. Cikin shekara huɗu ruɗewar tsufa ta ragu da kashi 15 cikin 100. Babu wani ganye a duniya da ya taɓa nuna irin wannan. A kusa da mu kuma, binciken shanyewar ɓarin jiki da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya nuna hawan jini ne uban tafiya da nisa. Ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira.

A nan ne itatuwanmu ke da gurbi, a kwano. Allah ya hore wa kwarin Gulbi zogale, har wasu garuruwa ake kai shi daga nan. Kwaɗonsa da dambunsa, miyar kuka, lalo, rama, alayyafo, Baba ya ci kullum, a dai rage gishiri da dunƙule da ake labta musu. Ganyen nake nufi, ban da saiwa da ɓawon zogale. Zoɓo ma an auna shi a mutane: a wani gwaji na mutum 65 a Amurka, kofi uku a rana na mako shida ya sauke lambar sama da maki 7 a ma'aunin da 14 ke zama 140, alhali na masu shan ruwan bogi maki 1 da ɗan kai ya sauka. Mataimaki ne, ba madadi ba, kuma ba irin na ƙullin leda mai sukari kamar zuma ba. Ku sanar da likita in zai riƙa sha kullum. Da ma a ce Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za ta samu kuɗin gwada zogale da zoɓo a jikin dattawanmu shekara biyu ko uku, da mun daina aron sakamakon ɓerayen wasu.

Abubuwan ragewa kin san su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙule da kanwa duk cikin lissafin suke, don sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikinsu. Goro na wartsake mutum na ɗan lokaci, amma kafeyin da ke ciki matse jijiyoyin kai yake yi, ya ɗan ɗaga tansiyo, ya hana barci. Na san raba dattijon Maradi da goro sai an yi da gaske, a rage zuwa ɓari ɗaya da safe. Taba kuwa, ta sha ko ta leɓe, a bar ta gaba ɗaya.

Amlodipin kullum ake sha, ko kai na ciwo ko ba ya yi, don hawan jini ba ya sallama. Yakan kumbura ƙafa, kuma da yawa a nan suke tsorata su daina. In kun ga haka ku koma a rage ko a canza, kada ku yanke hukunci a gida. Kada kuma a yi gaggawar faɗar da tansiyon. Jijiyar da ta ƙandare ba ta iya buɗewa da sauri, in jini ya faɗi ƙasa sosai filin ƙarshe ne zai sake shan ƙishi. In yana jin jiri idan ya miƙe daga tabarma ko ya ɗago daga sujada, a auna shi a zaune da a tsaye a kai wa likita. A bazara, lokacin da zafin garin nan ke haura 40, a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, don tsoho ba ya jin ƙishi da wuri. Batun azumi ma a tattauna da likita tun kafin wata ya tsaya. Ki kuma tambayi dalilin asfirin ɗin, ko hoton ya nuna tsohon tabon toshewa ne, domin ba kowane mai tsukewar ƙananan jijiyoyi ke buƙatarsa ba. Tambaya na ce, ba dainawa ba.

Ba kowace mantuwa ce ta jijiya ba, ko ga wanda hotonsa ya nuna tsukewa. A duba sukari, ƙoda, yawan jini, bitamin B12 da maƙoƙo, a saurari zuciya ko bugunta na harɗewa, don irin wannan na jefa gudan jini zuwa kai kuma maganinsa daban ne. In ya taɓa faɗuwa daga babur ko a banɗaki cikin watannin nan, ku faɗa. Ku kwashe duk ƙwayoyin da ke ɗakinsa ku kai a gani, musamman na barci, na mura masu sa gyangyaɗi da taramol, waɗanda ke dagula tunanin tsoho. A duba kunnensa, don wanda ba ya ji sosai kan zama kamar mai mantuwa. Kuma kada ku zaunar da shi a ɗaki da sunan hutu. Ya taka zuwa masallaci, ya zauna a rumfarsa da wani yaro a gefe mai riƙe littafin lissafi, ya yi ta hira da abokansa. In kuwa wata rana baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya warware, a nufi babban asibiti a lokacin, kada a ɗura masa komai a baki, addu'a a yi ta a cikin mota.

Jika ashirin da biyar ɗin nan, ki nemi na'urar awon tansiyo ta dantse da ita, ba ta wuyan hannu ba, da ɗan littafi. Ya zauna ya huta minti biyar, a auna safe da yamma, kwana bakwai kafin kowace ranar ganin likita, a rubuta. Inda likitoci suka fi nufa shi ne ƙasa da 14/9, wasu har 13/8 in jiki ya ɗauka, nasa likitan ne zai tsayar masa. Idan an yi wata uku lambobin sun zauna kuma har yanzu kuna son gwada ginko, ki kai maganar gaban likitan, a duba ta tare da asfirin ɗin, a saya a farmasi mai rubutun EGb 761 a jikin kwali, a ba shi wata shida. In ba ku ga canji a lissafinsa ko halinsa ba, a bari.